Ranar da Goggo Ta Wanke Yashi

A bakin ƙofar falo na ji wani abu ya yi ƙaras a ƙarƙashin takalmina. Na duba, yashi ne jiƙaƙƙe, ya ja layi siriri har banɗaki.

Kwana goma sha biyu ke nan Baba yana asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Mama na can tana jinya. Goggo, yayarsa, ita ta zo ta riƙe mana gida. Tun da ta sauka ba ta zauna ba. Labule, bayan firji, har fankar sama sai da ta taka kujera ta goge.

Akwatin kifin Baba na gilashi ne, ya cinye rabin bangon falo. Ruwan gishiri ne a ciki, da murjani mai rai irin wanda ke tsirowa a ƙasan teku, da kifi bakwai. A ƙasa akwai yashi mai kaurin tafin hannu, shekara goma sha ɗaya ba a ɗaga shi ba. Duk mako Baba kan sa siririn tiyo ya zuƙe dattin sama-sama, zurfin gaɓar yatsa ɗaya, kusurwa ɗaya kawai. Yakan ce yashin nan rai gare shi. Tsutsotsi da ƙananan dodon koɗi da wasu halittun da ido ba ya gani su ke cinye ƙazantar ruwan. Can ƙasa kuma baƙi ne, in aka tono shi guba ke tashi.

Da bakinsa ya fara buɗewa a asibiti, bai tambayi mota ba, bai tambayi ofis ba. "Kifi?" ya ce. Kullum na je sai ya ce, "Kifi?" Ni kuma in ce suna nan lafiya, suna jiransa. Sai ya yarda ya sha magani.

Goggo ta taɓa tsayawa gaban gilashin ta riƙe ƙugu.

"Malama, wannan baƙin abin na ƙasa fa? Duk bokon naku, kwata kuka ajiye a falo?"

Na yi dariya na ce, "Haka ake barinsa, Goggo." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Nauyin yi wa babba dogon bayani nake ji.

Yanzu ga ta ta fito daga banɗaki, hannuwa jiƙe har gwiwa, fuska sai walwala.

"Yauwa, kin dawo. Zo ki ga aiki. Bokiti tara, 'yar nan! Wari kuwa, ruɓaɓɓen ƙwai albarka. Da kofi na dinga kwasa, in sa a rariya, in sakar masa famfo. Garin sabulu ɗan kaɗan na barbaɗa, kada ki ce na yi ɓarna. Tsutsa kuwa, kai! Duk na kora su masai. Gobe Auta zai dawo ya ga abinsa fes."

Auta take kiran Baba, har yau da furfurarsa.

Na juya na kalli akwatin. Ruwan ya yi fari kamar an tsiyaya madara. Kifayen duk sun taso sama suna buɗe baki. Ɗaya, mai ruwan lemo da farin zane, ya kwanta a gefensa.

Na jefar da jaka na jawo jarkoki biyu na ruwan gishirin da Baba ya haɗa ya ajiye. Na juye a baho, na shiga kamo kifayen da raga. Biyu suka kuɓuce mini sau uku.

"Mene ne? Yunwa ce?" in ji Goggo. "In kawo abincinsu?"

"Riƙe mini bahon, Goggo."

Ta riƙe. Daga nan ba ta ƙara tambaya ba. Ta durƙusa kan gwiwoyinta masu ciwo tana kallon kifin, leɓenta na motsi. Kafin rana ta faɗi biyar sun mutu. Da safe na kwashe gawar sauran biyun. Murjanin ya saɓule, ya bar farin ƙashi.

"Ai da kin gaya mini," ta ce a hankali, tana wanke bahon.

"Na gaya miki."

"Ba ki gaya mini ba. Dariya kika yi."

Gaskiyarta.

Da hantsi aka sallami Baba. Zuwa lokacin injin tacewa ya share ruwan, gilashin ya yi garau, yashin ya yi fari tas kamar sabo. Mama ta turo shi a keken marasa lafiya cikin falo, ya nuna mata akwatin da haɓa. Ta kai shi har gaban gilashin.

Ya daɗe yana kallo. Idonsa ya bi kusurwa-kusurwa, ya bi bayan duwatsu, ya dawo.

Goggo na tsaye a ƙofar kicin da tsumma a hannu.

"Auta," ta ce. "Ni ce. Kada ka ga laifin yarinyar nan. Ni da shegen karambanina..."

Baba ya ɗaga hannun hagu. Ya yi ta kokawa da harshensa, mu duka muna jira.

"Yaya," ya ce. "Ya yi... fari. Sannu... da aiki."

Da zaginta ya yi, ina jin da ta fi samun sauƙi. Ta tsaya tana murɗa tsumman nan. Baba kuma ya dafa hannun Mama ya nuna ɗaki. Da aka kawo maganin rana, ya kau da kai bango.

Muna can ni da Mama muna lallashinsa, muna gyara masa filo, na ɗaga labule don iska ta shigo. Sai na hango Goggo a tsakar gida, ta yafa mayafi, jakarta a hannu. Ta zare sakatar ƙofar gida a hankali don kada ta yi ƙara, ta fita, ta jawo ƙofar a bayanta.