Ranar da Zarami Ya Nemi Rigima

Zarami mutum ne da za ka wuni da shi ba ka ji muryarsa ba sai wurin sallama. Allah kuma ya haɗa shi da Meram, wadda ta fi shi shiru. Tun da rikicin 'yan bindiga ya taso su daga Barwa suka zauna a Difa, shi yana noman tattasai a gonar aro bakin kogin Kumadugu, ita tana tsince busasshen a tsakar gida, maƙwabta ba su taɓa jin kansu ba.

Salula ce ta kawo damuwar. Maƙwabciyarsu Baturiya, 'yar Damagaram, ta cika wa Meram waya da littattafan soyayya irin waɗanda ake karantawa a saurara. A kunnen Zarami duk labari ɗaya ne: budurwa mai surutu kamar rediyo, saurayi mai ɗaure fuska, su wuni suna gaya wa juna baƙar magana, ƙarshe a ɗaura aure. Meram kuwa tana tsintar tattasai tana dariya har da share hawaye, irin dariyar da shi bai taɓa sa ta yi ba.

Abin ya tsaya masa a rai. In wannan ne so, to su me suke yi duk shekarun nan? Ko dai zaman haƙuri take da shi? Tsoro ya ji sosai, har ya kai ƙafa kantin Ado, mijin Baturiya, wanda ake jiyo hayaniyar gidansa daga bakin titi.

"Mi ne abin wuya?" in ji Ado. "Mata 'yar rigima suke so, kamar gishiri a miya. In ta ce gabas, ka ce yamma."

Washegari Zarami ya tashi da niyya. Meram ta kawo koko, ya ce sukari ya yi yawa. Ta kawo wani, ya ce wannan ba sukari. Ya jira ta rama kamar 'yan matan cikin waya. Ba ta rama ba, kallonsa kawai ta yi. Ya rasa abin da ake faɗa daga nan, sai ya saɓa fartanya ya fice.

A gona ya kasa aiki, yana ta haɗa maganganu suna rushewa. Tun kafin azahar ya dawo, abin da ba ya yi, fuska a murtuke har goshinsa na ciwo. Ta ajiye masa tuwo da miyar busasshen kifi.

"Ni ban son kifi," ya ce.

Ɗan Barwa fa, wanda da kifi aka yaye shi! Shi kansa sai da kunya ta kama shi. Maganar da ya tanada ta ƙare, ya fita ya tsaya ƙofar gida yana kallon hanya, yana tunanin inda ya kuskure.

Da ya koma ciki ya tarar an naɗe tabarmi. Tukunya da barguna suna cikin zane, an ƙulle. Meram na tsaye da mayafi.

"Baban Munira, faɗa mini gaskiya," ta ce. "Mi ka ji a bakin ruwa? Sun ƙetaro ne? Bari in ɗauko yarinyar daga lakwal, ko ba a tashi daga karatu ba."

"Su wa?"

"Rabona da ganin fuskarka haka tun safiyar da muka gudo. Ran nan ma ba ka ci abinci ba, hanya kake ta kallo."

Sai a lokacin ya gane. Ya shiga bayani yana in'ina: littattafan, dariyarta, shawarar Ado, gishiri a miya. Shi kansa da yake faɗa bai ga kan zancen ba.

Meram ta zauna a kan ƙullin. Ya zaci za ta yi dariya, ko ta yi faɗan da ya wuni yana nema. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"A cikin labaran nan," ta ce a hankali, "in namiji ya ɗaure fuska, fushi kawai yake, anjima ya huce. Ba wanda ke ɗaukar kaya. Shi ya sa nake saurare."

Zarami ya tsugunna, ya kai hannu zai kwance bakin zanen. Ta dafe hannunsa.

"Bar shi a ɗaure tukuna," ta ce. "Sai gobe."