Tuta Biyar a Idon Mifuyu

Ranar da Mifuyu ta saki sanda ta gangaro, tutata tana sama, kuma duk wanda ke kan dandamalin masu horarwa ya gan ta a sama.

Aikina ke nan tun kafin a haifi yarinyar. Mai tsalle yana zaune can ƙoli a kan sanda, dogayen katakai biyu ɗaure a ƙafafunsa, gangaren ƙanƙara a gabansa. Ba ya jin iskar da ke jiransa a ƙasa, ni nake jin ta daga dandamalinmu da ke gefen bakin tsalle. In fitila ta koma kore, daƙiƙa goma gare shi ya tashi, kuma ni ke zaɓa masa lokaci a ciki. Na sauke tuta, ya taho. Ban sauke ba, ya zauna, ko da za a cire shi daga gasa. A garinmu Shirabetsu da ke tsibirin Hokkaido, yaro yana sanin wannan kafin ya iya ɗaure takalminsa.

Atisaye ne kawai a farkon hunturu. Sama ta yi fari, ƙasa ta yi fari, sai iska ta juyo daga gefe, ƙyallayen da muke ɗaurewa a sanduna don gane iska suka miƙe tsaye. Na riƙe tuta ina jira ta lafa. Sai na ji ƙarar katakai a kan ƙanƙara.

Mifuyu ce. Ta wuce ta gabana kamar an harbo ta, ta tashi, iska ta kama katakon hagu ta murɗa. Na ga 'yar yayata tana juyawa a sama, na ga ta bugi gangaren da kafaɗa, ta yi ta mirginawa har ƙasa, katako ɗaya ya kama gabansa. Ban san yadda na sauko daga dandamalin ba. Mutum ne ni mai ciwon gwiwa da ƙaton ciki, amma an ce na riga masu agaji isa wurin.

Tana raye. Ko ƙashi bai karye ba, sai kafaɗa da ta kumbura. Da na tabbatar da haka, tsoron ya koma fushi, kamar yadda na saba.

"Wa ya ba ki hannu?" na daka mata tsawa a ɗakin sauya kaya. "Ni, ko fatalwata?"

"Na ga ka sauke, Kawu."

"Kin ga na sauke! Mutum goma sha wani abu suna tsaye tare da ni, ke kaɗai kika ga na sauke. Shekarunki ashirin da uku, kina cikin waɗanda ƙasa ke sa rai da su, ki zo ki yi mini wautar 'yan koyo?"

Ta ɗaga hannu tana murza ido da bayan yatsa, abin da take yi tun tana rarrafe, musamman in itatuwa sun fara fure. Na kama hannun na sauke. Idon lafiyayye ne a gani. Amma ba ni take kallo ba, gefen kunnena take kallo.

Na ja da baya har bakin ƙofa, na ɗaga tutar.

"Mifuyu, me kike gani?"

Ta ƙura wa tutar ido.

"Tuta biyar," ta ce. "Wani lokaci shida. Suna hawa kan juna, wasu sama, wasu ƙasa. Ta tsakiya nake bi. Yau haske ba kyau, na ga ta ƙasan ta fi ja, sai na ɗauka ka sauke."

"Tun yaushe?"

"Bara."

"In za ki dira fa? Jan layin da ke ƙasa?"

"Shi ma na tsakiya nake zaɓa."

Na zauna a kan benci. Hunturu guda cur ina tura yarinyar nan sama da gudun mota, tana canke ƙasar da za ta sauka a kai. Na tuna ranakun da na yi ta yabon ta a gaban mutane, ina cewa ba ta da tsoro.

Likitar da muka gani a birnin Sapporo, Likita Horiuchi, mace ce ƙarama mai magana a hankali, irin maganar da ke sa mutum ya ƙara tsorata. Ta nuna mana hoton idon a allo, wuri ɗaya ja wur. Ta ce siririn ɓawon nan mai haske da ke gaban ƙwayar ido yana ta yin laushi yana sirancewa, har ya fara tsini kamar kan ƙwai, shi ya sa abu ɗaya ke rarrabuwa. Ta ce murzar ido tana ƙara masa gudu.

"Ana iya tsayar da shi," ta ce. "Za mu kankare saman kaɗan, mu ɗiga wani ruwan magani, mu haska masa wata fitila har ya yi tauri. Ba zai mayar da abin da ya tafi ba, amma zai hana sauran tafiya. Daga baya a auna miki ɗan gilashi mai tauri da ake ɗorawa a kan ido, ya haɗa miki biyar ɗin su koma ɗaya."

"To a yi bayan hunturu," Mifuyu ta ce. "Gasar zaɓen tawagar ƙasa saura mako uku."

"Na dama zai iya jira. Na hagu ya kusa kai sirantar da ba ma taɓawa. In ya wuce nan, sai dai a yanke a dasa miki na wani."

"Zai kai bazara?"

"Ban sani ba. Wanda duk ya ce miki ya sani, ƙarya yake."

Sai da muka isa gida, uwarta Shizue, wato yayata, ta zuba mana taliya da romo, sannan Mifuyu ta buɗe baki.

"Tsalle biyu ne kacal, Kawu. Ka yi mini fito maimakon tuta. Kunnena lafiya lau."

"Fito zai nuna miki ƙasa?"

"Na yi hunturu guda haka ban mutu ba."

"Shekaranjiya kin kusa."

"To zan nemi wani ya riƙe mini tutar. Ba kai kaɗai ke da hannu a Hokkaido ba."

"Nemi," na ce. "Duk wanda kika samu, zan riga ki zuwa gidansa."

Ta juya wajen uwarta. Shizue ta ajiye ludayi, ta ce, "Genzo, ɗan nan, ni kam ban san tsalle ba, ban taɓa iya kallonsa da ido biyu ba. Amma in ka sake ɗaga mata tuta a haka, kada ka ƙara tako mini gida." Tunda muke, ranar ce ta farko da ni da yayata muka tsaya gefe ɗaya, kuma ban ji daɗin haka ba ko kaɗan.

Mifuyu ta daina yi mini magana. Ni na kai ta asibiti duk da haka, ta zauna a kujerar baya kamar wadda ta hau tasi. Sun bar ni na leƙa ta wani gilashi. An sa wani ƙarfe ya riƙe mata fatar ido a buɗe, ana ɗiga wani ruwa mai launin ɗorawa, ɗigo bayan ɗigo, sannan aka kunna fitila mai shuɗi-shuɗi, idon ya ɗauki wani irin kore mai ƙyalli kamar na kyanwa. Na ga karayar cinya, na ga haƙoran mutum a kan dusar ƙanƙara, ban taɓa kau da kai ba. Ranar sai da na dafa bango.

Kwanakin farko ta sha azaba. Tana kwance a ɗaki an ja labule, hawaye na zuba daga idon ba tare da tana kuka ba, Shizue ta ɗaure mata safar hannu mai kauri don kada ta murza cikin barci. Da zafin ya lafa, sai hazo ya sauka a idon. Likita ta ce haka yake yi, zai washe. Da na matsa mata, ta ce yawanci yana washewa. Kalmar nan "yawanci" ta hana ni cin abinci.

Ranar gasar zaɓe na shiga gidan na tarar da ita zaune gab da talabijin, ta rufe idon dama da tafin hannu, tana gwada na hagu. Ƙawayenta suna tashi ɗaya bayan ɗaya. Ba ta waiwayo ba.

"Kawu," ta ce, maganarta ta farko gare ni tun ranar taliya, "yanzu ko biyar ɗin ba na gani."

Na koma mota na zauna, na kasa tayar da ita. Ni na tilasta mata. In hazon nan ya zauna, ni na karɓe mata gasar, na haɗa da idon. Tsoro nake ji, irin wanda ba shi da wurin gudu, kuma ba wanda zan daka wa tsawa.

Hazon ya ɗauki lokacinsa. Aka yi wa idon dama shi ma, aka sake shan wata azabar. Sai da dusar kan rufin gidaje ta fara ɗiga sannan likita ta nuna mana sabon hoto, ta ce jan wurin bai ƙaru ba, ya tsaya. Aka auna mata gilasan. Ranar da ta fara sa su, ta dube ni sama da ƙasa a bakin asibiti.

"Ashe haka ka tsufa? Da ina ganinku ku biyar ban lura ba."

"Ke, da bakinki aka yi wa aikin, da mun huta," na ce, ina neman inda zan ɓoye fuskata.

Likita ta ba da izini, muka fara da ƙananan tuddai na yara, inda ba a buƙatar tuta. Komai ya tafi daidai. Amma ni ban yarda ba. Yarinyar da ta ɓoye mini abu hunturu guda tana murmushi, me zai hana ta sake? Kullum sai na tsaya nesa na ɗaga yatsu, ta faɗi adadin, na ce ai cankewa ta yi.

Gasar rufe hunturu ta garinmu ƙaramar aba ce, kyautarta buhun shinkafa da kofi. A nan za ta koma babban tudu. Na hau dandamali da tsohuwar jar tutata. Rana ta fito tas, iska tana busowa daga gaba a hankali, irin wadda mai tsalle ke mafarki. Aka kira sunanta, mutanen gari suka ɗauki ihu da kaɗa ƙararrawa. Na hango ta can ƙoli, ta zame ta zauna a kan sanda, ta gyara tabarau. Fitila ta koma kore.

Na ɗaga tuta. Iska ba ta da aibu ko ɗaya. Na ce wa hannuna ya sauka, ya ƙi.

Abin da nake gani kawai shi ne katakon hagu yana murɗewa. Mai horarwar da ke kusa da ni ya zungure ni da gwiwar hannu. "Genzo! Me kake jira, bazara? Sake ta mana!" Ina jin sa kamar daga cikin rijiya. Kunnena yana wajen gangaren, ina jiran ƙarar katakai, don na san in har yanzu tuta biyar take gani, za ta zaɓi ɗaya ta taho.

Ba ƙara. Fitila ta koma ja. Mai sanarwa ya ce an cire lamba goma sha tara saboda ƙarewar lokaci, filin ya yi tsit.

Wanda aka cire ba ya gangarowa, ta matakala yake saukowa da katakansa a kafaɗa, a gaban kowa. Matakalar tana da tsawo. Na tsaya a gindinta ina jira, tutar tana hannuna, na shirya wa duk abin da za ta faɗa. Ta jure wuƙa da hazo da rashin tawaga, ta dawo, ni kuma na zubar mata da tsallen farko ba dalili.

Ta iso, ta jingine katakan, ta ɗage tabarau. Idanun sun yi ja saboda iska. Wannan karon ni take kallo, ba gefen kunnena ba.

"Ɗaya ce, Kawu," ta ce. "Ja ce, bakinta ya yage ta ƙasa. Kuma rawa take yi."

Na dubi tutar da ke hannuna.

"Na zauna ina kallon hannunka har lokaci ya ƙare. Na san iskar tana da kyau, ƙyallayen ma ina ganinsu. Amma ba ka sauke ba."

Ta karɓi tutar daga hannuna, ta naɗe ta a kan sandarta yadda nake naɗewa, ta mayar mini, ta rufe yatsuna a kai da nata hannun.

"Gobe akwai atisaye," ta ce. "Zan hau, zan zauna. Ka ɗauki duk lokacin da kake so. Ni dai ba zan taso ba sai na gani."