Karkatar Kyamarar Malam Jibirilla

Wa Malam Jibirilla yake kallo ranar sunan jikansa? Ni aka kawo wa tambayar, kuma har yau ba ni da amsarta.

Sana'ata gyaran agogo da tsofaffin kyamarori, a wata 'yar rumfa a unguwar New Bell. Babu wanda ya koya mini, buɗewa na yi ta yi ina ɓatawa har hannuna ya faɗa. Malam Jibirilla mai hoto maƙwabcina ne, ya rasu a daminar bana. Bayan sadakar arba'in, 'yarsa Jannatu ta zo da kyamararsa ƙunshe a leda saboda ruwa, da hotuna a ambulan. Ta ce fim ɗin ƙarshe ne ta tarar a ciki, ta kai wa wani mutum a unguwar Ndogbong da har yanzu yake wanke fim.

Na baje su a tebur. Duk na ranar suna ne. Mahaifiyarta Inno na kan tabarma da jariri, mata sun kewaye ta, fuskokinsu duk sun narke, sun fito a dushe. Can baya, a bakin ƙofar gida, wani saurayi na tsaye, shi kaɗai ya fito tar, har maɓallin rigarsa ana gani. Usaid ne, ƙanenta. Shekarun baya ya kama aikin kiɗa a wata mashaya a unguwar Deïdo, uban ya ce kada ƙafarsa ta sake tsallake dokin ƙofar nan. Bai sake ba. Ranar rasuwar ma a waje ya zauna karɓar gaisuwa.

Jannatu ta ce ya samu aiki a Gabon, tafiyar ta matso. Inno tana takaba, ba za ta fito ba, shi kuma ya ce maganar uba ba ta mutuwa da uba. In ya tafi a haka, wataƙila shi ke nan.

"Kawu Rabe, ka duba mini," in ji ta. "In lafiyar kyamarar ƙalau, to shi Baba ya saita da ya ɗauki hoton, ba Inno ba. Wannan kaɗai zai ji."

Irin wannan kyamarar ba ta nuna maka abin da fim zai gani. Ta wata 'yar taga ake leƙawa, a tsakiyarta akwai ɗan fili mai ruwan ɗorawa inda abu yake fitowa biyu. Kana murza zoben gilashi har biyun su haɗe su zama ɗaya, sai ka danna. Ka yarda da ita ne kawai.

Da ruwa ya tsagaita na fita da ita, na auna wani dogon ƙarfen sadarwa da ke can nesa, na murza zoben har ƙarshe. Ƙarfen ya ƙi haɗewa daidai. Na dawo, na buɗe bayanta, na ɗora gilashi mai hazo a gurbin fim, na kwantar da tef ɗin tela a tebur, na kafa allura a tsakiyarsa. Ta taga allura ta haɗe. A gilashin kuwa, lambobin da ke bayanta ne suka fito. Na sauya gilashin gaba da wani da na amince da shi, abin bai canza ba. Laifin na ɗan hannun da ke ciki ne, wanda gindin gilashi ke turawa. Kyamarar tana jefa saiti baya.

Ke nan ƙarfen kyamara ne ya zaɓi Usaid, ba uba ba.

Sai na duba ɗan notin da ake daidaita hannun da shi. Tsatsa ta rufe shi, tsohuwar tsatsa, ba ta bana ba. Nan na tuna. Tun ina sabon hannu na taɓa ce wa Malam ya kawo in daidaita ta, ya yi dariya ya ce in bar masa abarsa, yatsansa ya san karkatarta. Yakan haɗe hoton, sannan ya ɗan dawo da zoben baya. Da haka ya ɗauki rabin auren unguwar nan, babu wanda ya taɓa fitowa a dushe.

To ranar sunan, ko dai ciwon da ya yi ajalinsa ya sa ya manta al'adarsa, ya saita matarsa, ƙarfe ya wuce da shi bakin ƙofa, ko kuma bai manta ba, ya saita ɗansa da gangan. Duk biyun hoto ɗaya suke bayarwa.

Na yi tunanin in ce wa Jannatu ƙalau take. Kalma biyu, uwa ta ga ɗanta. Amma in na faɗa, na sa wa mamaci magana a baki, shi kuwa ba ya nan balle ya musa. In kuma na ce ta lalace na yi shiru, nan ma na yi masa ƙarya ta wata hanya. Da ta dawo na faɗa mata duka. Ta ce wannan ai ba amsa ba ce. Na ce ita kaɗai ke gare ni.

Duk da haka ta kira Usaid. Washegari da hantsi na kafa kyamarar a tsakar gidansu, wurin da ta ce Malam ya tsaya. Inno ta zauna a tabarmarta cikin mayafi, ba ta ɗago kai ba. Usaid ya sauko daga babur, ya tsaya inda ya saba, takalminsa na taɓa dokin ƙofa. Ya gaishe ni, ya gai da mahaifiyarsa daga can. Na maimaita masa abin da na gano, ya saurara yana kallon kwata.

"Wato, Kawu, kai ma ba ka sani ba."

"Ban sani ba."

"An taso ni daga Deïdo don a ce mini ba a sani ba."

Jannatu ta ce ya yi wa mutane shiru, da can me ya sani shi. Bai kula ta ba. Ya tambaye ni ko mutum zai iya manta abin da yatsansa ya shekara da shekaru yana yi. Na ce na ga wanda ya manta sunan 'ya'yansa bai manta ɗaurin rawani ba, na kuma ga akasin haka.

Na saita Inno ta taga, na leƙa gilashin hazo. Ga Usaid nan a juye, kansa ƙasa, tar. Na saita shi, na dawo da zoben kaɗan yadda Malam yake yi. Ga shi nan dai. Na gaya masa.

"Juyo da ita in gani," ya ce.

Na ce in na motsa ta awon ya ɓaci. Daga inda mahaifinsa ya tsaya kawai ake gani.

Ruwa ya fara yayyafi a kan kwano. Sai Usaid ya ce wa Jannatu ta zo ta tsaya a gurbinsa. Ya cire takalmi, ya tsallako, ya wuce ta gefen tabarmar. Inno ta janye ƙafarta ta ba shi hanya. Ya sunkuya a bayan kyamarar, ya ɗora yatsa a kan zoben.