Hutun Pimenta

Seu Ananias ya cusa karensa Pimenta cikin kwandon albasa, ya rufe shi da tawul, ya hau bas ɗin da ke bi ta asibitin dabbobi. Dona Zuleide mai sayar da cuku, wadda rumfarta ke jikin tasa a kasuwa shekara ashirin, ta biyo shi tana haki.

"Ba a shiga da kare, baba," in ji direba.

"Albasa ce," in ji Zuleide. "Ja mu tafi, ɗana."

Direba ya dubi farar ƙafar da ta leƙo ta gefen kwandon, ya dubi fuskar tsohon, ya kau da kai ya ja mota.

Da makon jiya ne, wannan ƙarya ko ƙofa ba za ta wuce ba. Pimenta irin ƙananan karnukan nan ne da ake kira paulistinha, farin jiki, kai baƙi da ja, kunne a lanƙwashe, girmansa bai fi na ƙaton muzuru ba. Amma baki gare shi kamar ya ari na karnuka goma. Yana yi wa babur haushi, yana yi wa fada mai coci haushi, in ya rasa abokin faɗa ya haƙe gindin tukunyar fure. Shekara goma sha ɗaya yana gadin buhunan wake da masara na Ananias, ɓera bai taɓa kwana biyu a rumfar ba. Yau kuwa ya yi laƙwas, dasashinsa fari fat, jini na ɗiga daga hancinsa.

"Valdomiro ne," in ji Zuleide, da ƙarfin da duk bas ɗin ya ji. "Wannan mahaucin mai ƙaton ciki. Tun da karen ya sace masa tsiran alade yake neman sa. Na faɗa masa a gaban kowa ɗazu, in Pimenta ya mutu sai na sa an rufe masa teburi."

Ananias ya sunkuyar da kai. Hannunsa ɗaya na cikin kwando a kan haƙarƙarin karen, ɗayan na cikin aljihu, a kan wata 'yar leda da ke ƙona masa cinya.

Shi ne ya zuba shinkafar ɓeran. Watan jiya wani ƙasurgumin ɓera ya yage wa Pimenta leɓe, karen ya dawo yana ɗingishi, ga haƙora sun fara zubewa. Tausayi ya kama Ananias. Shi ma gwiwoyinsa sun gaji, ya san abin da tsufa ke yi. Sai ya sayo maganin a ɓoye ya tura can bayan buhuna, don a rage wa tsohon abokinsa aiki. Abin da bai lissafa ba shi ne, ɓeran da ya ci magani tafiyarsa sanyi take yi. Cikin mako guda Pimenta ya kama uku, yana zuwa da su yana taƙama, wani ma ya cinye rabinsa. Ananias kuma, don wauta, har tafa masa ya yi, yana cewa jarumi ya dawo.

A asibitin, likitar, wata matashiya mai gilashi, ta ɗaga leɓen karen ta danna dasashin da yatsa.

"Guba ce. Amma wace iri? Akwai mai tsinka jini, akwai mai taɓa ƙwaƙwalwa, maganinsu ba ɗaya ba ne. In na tsaya jiran gwaji, ban ce zai kai yamma ba."

"A kira Valdomiro a waya!" in ji Zuleide. "Ya faɗi abin da ya zuba, mugu, azzalumi, wanda ko uwarsa..."

"Zuleide."

"Bar ni, Ananias, kai ka cika sanyi!"

Ananias ya zaro ledar ya ajiye a kan teburin ƙarfen. Kunya ta rufe shi har bai iya ɗaga ido ba.

"Ni ne. Na ga ya tsufa."

Likitar ta juya ledar ta karanta bayanta, ta ɗauki karen ta shige ciki da sauri.

Suka zauna a benci. Zuleide ta daɗe tana kallon bango, abin da ba a saba gani ba.

"Ka bar ni na zagi bawan Allah tun daga kakansa," ta ce a ƙarshe.

"Na ji."

"Ka ji, ka yi shiru kamar buhun wakenka. To ni ba zan je ba. Kai za ka kai masa cuku, babba, da hannunka, ka yi masa bayani."

"Zan kai."

Ta buɗe jakarta ta ɓallo masa burodi. Ya riƙe, bai ci ba. Matarsa ta rasu shekara shida ke nan, 'ya'yan suna São Paulo, kullum da safe karen nan ne ke tsalle a kan gado ya tashe shi. Tsoro yake ji, tsoro sosai.

Wajen ƙarfe huɗu aka ji wani ɗan haushi daga ciki, a shaƙe, amma na rashin kunya. Likitar ta fito tana yarfe hannu.

"Ya ciji mai yi masa allura. Zai tashi. Za ka riƙa ba shi ƙwaya safe da yamma, mako huɗu, a cikin nama in ba ka son rasa yatsa. Ka kwashe maganin ɓeran nan duka yau. Kuma ba gudu, ba tsalle, ba farauta, kowane ɗan rauni zai iya ɓalle masa jini. Baba, kare ne tsoho. Ka sama masa hutu."

Ananias ya dube ta. Dariya ta ƙwace masa, hawaye na bin kumatunsa, ya share da tawul ɗin albasa.

"'Yata," ya ce, "ai hutun ne ya kawo mu nan."