Irin Tinnin a Tsakar Gidan Garba

Shekara arba'in Garba ya yi yana ba auduga da dawa ruwa a hawasharsa, gonar da ya gada a cikin aikin noman Jazira a ƙasar Sudan. Da gwiwa ta ƙi, 'ya'yansa suka taru suka ce ya huta, suka danƙa gonar a hannun babbansu, Mukhtar. Abin ya yi wa tsoho ciwo ƙwarai, don a ganinsa sun yanke cewa hannunsa ya mutu ke nan.

Ana nan sai 'yarsa Hanaa ta zo daga birnin Madani da wani ɗan itace mai jan ɓawo, cikinsa fari tas, cike da baƙaƙen ƙwayoyi kamar riɗi. Ta ce tinnin ake kiransa. Aka yanka kowa ya ɗanɗana. Garba ya tsince ƙwayoyin yana juya su a tafin hannu.

Mukhtar ya yi dariya ya ce wa uban, "Yaba, kak ka wahal da kanka. Wanga ba shi fita ƙasarmu."

Ai da ya sani da ya yi shiru. Garba ya ƙudura a ransa sai ya fitar da shi, ko don yaron nan ya san akwai sauran manomi a gidan. Ya wanke irin, ya shanya a inuwa. Ya sa aka kawo masa baƙar laka daga gona, ya yi fangali a tsakar gida, ya ja masa kunya ta ko'ina yadda ruwa zai kwanta, kamar dai hawasha. Ya shuka, ya cika shi da ruwa fal.

Kwana goma suka tsiro, sun fi talatin, kowanne da 'yan ganye biyu, daga baya wani ɗan kara mai ƙaya ya leƙo a tsakiya. Garba har maƙwabta ya kira su gani.

Ba a jima ba gindinsu ya fara yin rawaya yana laushi. To shi mutumin Jazira cuta ɗaya ya sani ga shuka, ƙishirwa. Ya ƙara bokiti. Suka ƙara lanƙwashewa, ya ƙara wani. Kafin wata ya cika babu ko ɗaya a tsaye, sai laka mai wari. Garba ya daina cin abincin kirki.

Matarsa Indo ta gaji da ganinsa haka, ta ja shi bayan madafa. Ashe ranar da ya wanke irin ta tsinci 'yan ragowar da suka maƙale a kwano, ta watsa a wani tsohon gwangwanin madara mai huji, cike da yashi. Takan ba su ruwa in ta tuna, Indo kuwa ba ta cika tunawa ba. Ga uku nan tsaye, kore shar, sun kai tsawon yatsa.

Garba ya taɓa yashin ya ji shi a bushe ƙamas. Nan take ya rarumo buta.

Indo ta riƙe masa hannu. "Halas, ya isa, Malam! Aje ta. Abin ga ba auduga na ba."

Ya ajiye. Ya ɗauki gwangwanin ya kai inuwar lemo, ya zauna yana kallonsa. A haka Mukhtar ya shigo daga gona ya same shi. Ya durƙusa ya duba da kyau, ya riƙe baki.

"Ma sha Allah! Yaba, ashe ka hisshe shi! Wallahi na janye maganata."

Wannan ce kalmar da Garba ya yi wata guda yana jira. Indo ta sunkuyar da kai tana tsintar wake, ta bar wa mijinta yabon. Garba ya tura gwangwanin wajenta.

"Ba nau na ba," in ji shi. "Na innarka na. Nau, ni nik kashe su da ruwa."

Mukhtar ya rasa inda zai sa idonsa, don tunda ya yi wayo bai taɓa jin ubansa ya ce ya yi kuskure a kan shuka ba.