Ranar da Yaya ya ce za a yi ruwan gilashi

Mama ba ta shanya ko hankici sai ta ji abin da Yaya ya ce. Shi ke karanta hasashen yanayi a gidan rediyo, ita kuwa wanki da guga ne sana'arta. In ya ce ruwa, ko sama ta yi tas, ba mai fitar mata da kaya. "Ɗana bai taɓa yi mini ƙarya ba," haka take cika baki a layinmu, har mun gaji da ji.

Wata safiya ina matse zanin gado, sai ga muryarsa daga rediyonmu a natse kamar kullum: "Masu sauraro, ga yanayinmu na yau. Rana ba za ta faɗi ba, yau ko gobe. Zafi zai narkar da ƙarfe. Za a yi ruwan gilashi, kuma a kaikaice iska za ta kwaso shi."

Zanin ya suɓuce mini. Mama ta dafe ƙirji.

"Ke, me ya ce?"

"Gilashi, Mama."

A waje mai shago ya jawo ƙofarsa garam, matar tela na ƙwala wa 'ya'yanta kira. Na buga wa Yaya waya, a kashe. Mama ta fizgi murfin babbar tukunyar da muke dafa ruwan wanki.

"Ko hula bai sa ba ya fita," ta ce. "Mu je."

Mun same shi a bakin ɗakin watsa shirye-shirye yana ta zufa, wayoyin ofis na kururuwa, mai haɗa sauti ya haɗa kai da gwiwa. Ashe shirin yara ne Yaya ya naɗa, a kan wata duniya mai nisan gaske da ke zagaya wani tauraro, ba ranarmu ba. Don yara su ji daɗi, sai ya tsara shi kamar hasashen yanayi, da irin gaisuwarsa ta kullum. Mai haɗa sauti ya ji farkon, ya ɗauka na yau ne, ya saka.

Mama ta yi tsaye rungume da murfin.

"Wato ba wanda ya je ya gani?"

"Babu, Mama. Masana sun yi ƙiyasi, ni kuma na ƙara gishiri."

"Da wannan muryar? Wadda nake shanya da ita?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Ta damƙa masa murfin, ta juya. Tausayinsu ya kama ni su biyun.

Washegari na jiyo shi daga rediyon mai shago yana cewa za a yi ruwa. Tamu rediyon a kashe take. Mama ta fito tsakar gida, ta daɗe tana kallon sama da ido a ƙanƙance, sannan ta cika igiya da kayan mutane. Kafin azahar ruwa ya ɓarke ya jiƙa su sharkaf. Ta kwashe, ta sake matsewa.

Har yau ba ta ƙara kunna rediyon ba.