Bindigar Dobrivoje da Tuffar Gidan Amarya

Tun da aka ji a rediyo cewa majalisa a Belgrade na shirin ƙara wani sashe a dokar riƙe makami, Dobrivoje ya hana kowa shan kofi cikin kwanciyar hankali a ƙauyen Lipnica. Sashen ya ce duk tsohon da ke da bindiga sai likita ya duba idonsa kowace shekara. In ya faɗi gwajin, 'yan sanda su zo su ɗauke ta. Dobrivoje kuwa ya ba saba'in baya, shi ne shugaban ƙungiyar mafarautan kwarin, kuma bindigarsa mai baki biyu ta mahaifinsa ce. Ya gwammace a cire masa haƙoran da suka rage da a fita da ita daga gidan.

Sai ya ɗaura ɗamara. Ya tare mutane a ƙofar coci yana neman sa hannunsu, ya shiga gidan rediyo ya yi ta faɗa har mai shirin ya sa kiɗa a kansa, ya hau bas zuwa Belgrade da kwalbar rakija, giyar gida, a kowane aljihu. Maganarsa ɗaya ce ko'ina: "Aladen daji in sun shigo masara, takardar likita za mu nuna musu?"

Abin da bai gaya wa rediyo ba, matarsa Radojka ta sani, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yanar ido ta fara rufe masa gani. In zai zuba rakija, sai ya saka yatsa a kofin ya ji inda ta kai. Rannan ya tsaya ya gaida rigar maƙwabci da aka shanya a shinge, har ya ji haushi da ba ta amsa ba.

Babban kamunsa shi ne Slavoljub, ɗan majalisar da ke cikin kwamitin dokar, ɗan ƙauyen ne, Dobrivoje ya taɓa murɗe masa kunne a kan satar inabi. Ya ritsa shi a ofis.

"Ranka ya daɗe," in ji Dobrivoje, "ko in ce ɓarawon inabi?"

"Baba Dobri, ka ce duk wanda ka ga dama, amma likitoci sun ce ido yana tsufa."

"Na Belgrade ke tsufa, saboda kallon waya. Jikana Strahinja zai yi aure ranar Lahadi. Ba shi da lasisin bindiga, ni zan harbo masa tuffar da al'ada ta ce ango ya harbo a ƙofar gidan amarya. Ka zo ka gani."

Slavoljub ya yi dariya. "To, gani ya kori ji. In tuffa ta faɗo, ni da bakina zan tsaya a kwamiti in ce a cire sashen."

Dobrivoje ya dawo gida yana fito. Radojka tana naɗe ganyen kabeji a kan nama, ba ta ko ɗago kai ba.

"Tsoho, bari in yi magana da uwar amarya a ɗaura wa tuffar zare. Kana harbi, a ja. Rabin angwayen kwarin nan da zare suka yi aure."

"Zare? A gaban ɗan majalisa? Ni da na harbo taki tuffar daga saman bishiyar ubanki!"

"Lokacin kana ganin bishiyar."

"Radojka!"

"Shi ke nan, na yi shiru. Miƙo mini gishiri. Wannan sukari ne, Dobri."

Ranar Lahadi ayarin ango ya isa ƙofar gidan amarya da masu busa a gaba, motoci sun sha ado da tawul. Rago yana juyi a kan garwashi. Dangin amarya sun tare ƙofa, ba mai shiga sai tuffa ta taɓa ƙasa. Sun kafa doguwar sanda a gefen gidan, tuffa ja a samanta, sun kuma zaɓi 'yar ƙarama don mugunta. Can sama, a tagar bene, amarya Smiljana tana leƙe ta bayan tukunyar jan fure.

Slavoljub ya zo da mai ɗaukar hoto. Strahinja, ango, yana ta gyara tabarau, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Kaka, kana lafiya dai?"

"Kai ka ji da amaryarka, ɗan birni. Matsa."

Masu busa suka yi shiru. Dobrivoje ya saka harsasai biyu, ya ɗaga bindiga, ya kafa ta a kafaɗa. Nan fa gabansa ya faɗi, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sama ta zame masa kamar madarar da aka zuba wa ruwa. Sandar ma bai gan ta ba. Ya ji tsoro, irin wanda bai taɓa ji a gaban alade ba. Ya yi ta lalube da bakin bindiga, dama, hagu, sai ga wani ɗigon ja ya bayyana a cikin hazon. Ya ce a ransa, ga ki nan, 'yar banza. Ya ɗauke numfashi, ya ɗora yatsa a kan kunamar bindigar.

Tim! Tuffa ta faɗo a ƙasa, ta gangara har gaban takalmin ɗan majalisa.

Ba a ji ƙarar bindiga ba. Kowa ya tsaya baki buɗe, sai wani kawun amarya da ya riga kowa buguwa ya kwarma ihu: "Ta ji tsoro! Wallahi tuffa ta miƙa wuya!" Wuri ya kece da dariya, masu busa suka ɓarke, aka buɗe ƙofa. Slavoljub ya ɗauki tuffar, ya ga guntun zaren kamun kifi a jikinta, ya kashe ido ɗaya, ya gatse ta.

"Baba Dobri, na ce in ta faɗo, ban ce da me ba. Alkawari kaya ne, kuma ƙuri'un mafarauta ba na wasa ba ne. Ka ɗauka an cire."

Dobrivoje ya ci nasara, amma ransa a ɓace. Ya sami Radojka a bayan rumfa tana naɗe zare a yatsa, fuskarta fara fat.

"Kin kunyata ni. In ma za ki ja, ba sai ki jira in harba ba? Na riga na gan ta!"

"Haka na yi niyya. Me ka gani?"

"Ja. Jajir."

Ta kama haɓarsa, ta juya masa fuska hagu, nesa da sandar, ta ɗaga ta sama. Jan yana nan inda ya bar shi, alhali tuffa tana cikin ɗan majalisa. Daga wajen jan sai ya ji muryar amarya, tana dariya: "Kaka Dobri! Kai ne gwani! Ga ni nan saukowa!"

Sai a lokacin ya gane cewa tagar amarya ya saita wa bindiga. Ya zauna a kan akwatin kwalabe. Ya buɗe bindigar, ya zaro harsasan biyu, ya zuba su a aljihun Radojka. Ya daɗe yana shafa ƙotar bindigar, inda hannun mahaifinsa ya cinye katakon.

Ya tashi ya bi ƙamshin rago har ya sami Slavoljub da kitse a leɓe.

"Kai, ɓarawon inabi."

"Na'am, Baba?"

"Sashen nan naku. Bar shi."

Slavoljub ya daina tauna. "Baba, ka hana ni barci tun bazara a kan sashen nan."

"To yanzu ka yi barcinka. Abu ɗaya za ka ƙara: in tsoho ya faɗi, kada a kai bindigarsa ofishin 'yan sanda, a bar ɗansa ko jikansa ya nemi lasisi ya karɓa. Ina da ƙungiya, zan tara maka sa hannu."

Strahinja ya fito riƙe da hannun amarya, an soke mata jan furen a gashi. Dobrivoje ya rungume ta tsam, ya ƙi saki har ta fara mamaki. Sannan ya juya wajen jikansa, ya ɗora masa bindigar a hannu, babu harsashi.

"Riƙe mini, mai ido huɗu. Gobe ka kai ni wajen wanda ya yi maka tabarau."